Kan Jirgin Yaya Garba Bai Isa Zariya Ba

Shekara biyar ke nan a wannan watan da rasuwar yayana Garba. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa sadaka in yi shiru. Bana na ga shirun ya ishe ni. Mutanen da suka san shi a nan Dubai suna ta raguwa, wasu sun koma gida, wasu sun wuce wata ƙasa, waɗanda suka rage kuwa idan aka ambace shi sai su ce, "Af, mai jirgin yaran nan." Ni ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ina aikin jinya a wani asibiti a garin nan, kuma ina so masu karatu su ji abin da na sani game da wannan jirgin yara da ake faɗa.

A kwatas ɗin 'yan reluwe muka tashi a Zariya. Babanmu fayaman ne, wato mai zuba kwal a wutar kan jirgi, tun zamanin da tururi ke jan jirgin ƙasa. Ya yi aiki a kawunan jirgi iri-iri, amma guda ɗaya ce ba ya gajiya da labarinta. Ita wannan ba a ƙera ta a miƙe sambal kamar sauran ba. Tukunyar ruwanta da ɗakin direba suna rataye a tsakiya, gaba da baya kuma akwai inji guda-guda, kowanne da nasa ƙafafun, kowanne yana juyawa a kan gaɓarsa. Idan ta zo kwana mai tsanani sai ta lanƙwasa jikinta ta bi, duk tsawonta, kuma tana iya jan kaya mai nauyi a kan dogo marar ƙwari. Baba da abokan aikinsa Tagwaye suke ce mata, saboda inji biyu ne ke shan tururin tukunya ɗaya. Ni ban taɓa ganinta ba. Yaya ya ga guda ɗaya yana ƙarami, a yashe a bayan loko, inda ake gyaran kawunan jirgi, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta, kafin a yanka ta a kwashe ƙarfen. Tun daga nan duk karan dawa da gwangwanin madarar da ya shigo gidanmu sai ya koma kan jirgi.

Da ya girma ya karanta zanen gine-gine, ya yi aiki a Kaduna, har lokacin da Dubai ta shiga haukan gini ya samu gurbi a wani shago a Al Quoz, unguwar sito-sito da gareji-gareji. Aikin shagon shi ne ƙera ƙananan siffofin dogayen benaye, irin waɗanda ake sa wa a gilashi a kunna musu fitilu don masu saye su gani. Yaya yakan ce, "Auta, gidajen da ko ramin tushensu ba a haƙa ba muke ƙerawa, kuma mutane layi suke yi suna saye." Yana da hannu a aikin. Idan ana son baranda mai ado wadda faɗinta bai kai farce ba, shi ake miƙa wa. Matarsa ta rasu tun yana Kaduna, ba su haihu ba, bai kuma sake aure ba. Ni da maigidana muka zo daga baya, gidanmu ya zama inda yake cin tuwon Juma'a.

A wannan tsakanin ciwon ido ya rufe wa Baba gani gaba ɗaya. Da Yaya ya je hutu ya dawo, sai ya ce da ni ya tarar da tsohon yana zaune a zaure yana kwatanta wa maƙwabta Tagwaye da hannuwa biyu a iska, su kuwa suna gyaɗa kai don ladabi kawai. Ya ce, "Zan ƙera masa ita ya riƙe a cinyarsa. Ba ta ado ba, mai cin wuta, ya ji numfashinta." Mai shagon ya yarda ya riƙa amfani da injin gurza ƙarfe bayan an tashi aiki. Tagullar da kuɗinsa ya saya. Zanen kuma ba a gida ya same shi ba, don a gida babu wanda ya ajiye. Wasu dattawan Turawa da Indiyawa masu sha'awar irin wannan ƙira, waɗanda ke haɗuwa a gidan ɗayansu lokaci-lokaci, su suka nemo masa tsohon zane. Abin da zanen bai nuna ba sai ya kira Baba a waya. Ina shebur yake zama? Ƙofar wuta ta wane ɓangare take buɗewa? Baba da ba ya son doguwar magana a waya sai ga shi yana yi har kati ya ƙare.

Ya fi shekara uku yana wannan aiki. Tsawonta bai wuce hannun babban mutum daga kafaɗa zuwa yatsa ba, amma kowace ƙafa sai da ya gurza ta, kowane sanda da ke haɗa ƙafafun sai da ya goge shi da magagari. Ya yi gaɓoɓin ya warware ya sake, don ya ce idan ba ta lanƙwasa a kwana kamar yadda Baba ke nunawa da hannu ba, to ba Tagwaye ba ce. A ɗakin direba ya tsayar da ɗan mutum baƙi da shebur, da 'yar hular da Baba ke sawa a ƙarƙashin ta aiki. Yatsunsa kullum da ƙuna da yanka. Ni ce mai sa musu magani, ni ce kuma mai faɗan ya riƙa shan maganin hawan jininsa.

Mutanenmu ba su ga abin da yake yi da daraja ba. Bayan sallar Juma'a akan taru a wani gidan abinci a saman bene a Naif, inda 'yan kasuwarmu ke sarin kaya. Akwai wani Alhaji Mamuda, babban ɗan kago mai aika kaya gida, wanda kusan shi ne uban 'yan Arewa a wurin, duk wanda ya shiga matsala gurinsa ake kai shi. Maigidana ya ce da zarar Yaya ya hawo sai Alhaji ya ɗaga murya, "Injiniya, ya jirgin yara? Habibi, ka zo ka sa hannu a kwantena ka ga yadda manya ke wasa." Sai a yi dariya. Yaya yakan yi murmushi ya wanke hannu ya zauna. Bai taɓa kawo mini ƙara ba. Abin da ya taɓa faɗa kawai shi ne, Bature ɗan shekara saba'in ya durƙusa a ƙasa yana leƙen ƙarƙashin Tagwaye, amma a cikin 'yan garinsu babu wanda ya taɓa cewa a nuna masa.

Sai shekarar da kasuwar gini ta faɗi ta zo. Waɗanda suke nan a lokacin sun san yadda aka yi. Benaye suka tsaya a rabi, mutane suka riƙa barin motocinsu a filin jirgi suna gudu. Aka daina kawo wa shagon aiki, aka riƙa sallamar ma'aikata, Yaya yana cikin 'yan kaɗan da aka bari. Shi kuwa sai ya ga ya samu lokacin ƙarasa aikinsa.

Wata Juma'a da la'asar ya ce in zo Al Quoz. Ba kowa a harabar sai mai gadi, Alhassan, wani dattijo daga zangon Hausawa na Kumasi, wanda ya daɗe yana buɗe wa Yaya ƙofa yana kuma riƙe masa fitila idan yana walda. Sun shimfiɗa ɗan siririn dogo a kan siminti, zagaye guda mai kwana biyu masu tsanani. Yaya ya ɗora Tagwaye a kai, ya zuba mata ruwa, ya kunna mata gas, muka tsaya muna jira. Can sai ta fara huci. Ya taɓa wani ɗan ƙarfe, ta motsa, ta tafi. Da ta iso kwana sai na ga gabanta ya juya, tsakiyarta ta bi, bayanta ya biyo daga baya, daidai yadda hannuwan Baba ke yi a zaure. Alhassan ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

Yaya ya kira gida, ya sa wayar kusa da dogon. Ta wuce sau biyu, ya ja mata usur. Sai muryar Baba ta fito.

"Malam, numfashinta ya yi sauri. Rage mata wuta."

Malam yake kiran Yaya, don ɗan fari ne, bai taɓa kama sunansa ba. Yaya ya rage wutar. Baba ya saurara ya ce, "Yauwa. Haka take yi idan ta ɗauko hawa." Daga nan ya ce a kawo masa ita kafin azumi.

Saura fenti da akwatin da za a sa ta. Ba a yi mako biyu ba Yaya ya je aiki ya tarar da kwaɗo a ƙofa da takardar kotu a manne. Mai shagon ya bar ƙasar ba sallama. Duk abin da ke ciki an riƙe shi, kuma Tagwaye tana ciki, a kan teburinsa, a lulluɓe da tsohon tawul. Alhassan ya ce da ya san ma'aikatan kotu za su zo da ya fitar da ita tun da safe, amma mabuɗin ciki ba a hannunsa yake ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ban iya tunawa ba tare da raina ya ɓaci ba. Yaya ya bi ofis-ofis. Ko'ina amsa ɗaya ce, abin da aka samu a cikin shago na shago ne sai an kawo shaida. Mai ba da shaidar kuwa shi ne wanda ya gudu. Dattawan nan masu sha'awar ƙira sun nuna alhini, amma rabinsu su ma sallamar ta shafe su, suna haɗa nasu kayan. Bizarsa ta aikin shagon ce, ta mutu tare da shi. Wani ma'aikaci ya ba shi shawara ya zo da mutum mai lasisin kasuwanci wanda aka sani, ya tsaya masa ya ce ya san kayan nasa ne. Mu da muke da irin wannan mutum, sai muka tafi gurin Alhaji Mamuda, ni da shi da maigidana.

Ba zan zalunci Alhaji ba. Ya saurare mu, ya ce zai yi wa Yaya biza a kamfaninsa ya kuma ba shi aiki, kuma ya yi. Amma da aka zo maganar tsayawa a gaban hukuma sai ya ce, "Hajiya, ki dubi girmana. In je in tsaya a gaban Larabawa in ce na zo karɓar abin wasa? Khalas, shi ke nan, ya yi haƙuri ya ƙera wani."

Muka yi sallama muka sauko. A bakin titi Yaya ya ce da ni, "Auta, idon Baba ya riga ya tafi. Shekara uku kuma ban san ko kunnensa zai jira ni ba."

Aikin da aka ba shi ɗaurin kaya ne a Murshid Bazaar, kasuwar sari ta Deira. Da yake an san hannunsa ba ya fasa abu, shi aka bar wa tangaram da kofunan gilashi, yana naɗe su a takarda yana jera su a kwali, a wani lungu da fanka ɗaya. Mutumin da ya haura hamsin, mai hawan jini, a tsakiyar zafin garin nan da ko tsuntsu ba ya son fita. Na ce ya koma gida. Maigidana ya ce ya dawo gurinmu ya zauna ya huta. Yaya ya ce idan ya bar ƙasar babu mai bin maganar, kuma ba zai shiga zauren Baba hannu wofi ba. Duk ranar hutunsa sai ya hau bas ya tafi Al Quoz ya tsaya su yi hira da Alhassan a bakin rufaffiyar ƙofar. Azumi ya zo ya wuce. Wata rana da hantsi ya faɗi a tsakanin kwalaye. Kafin a iso da shi asibiti rai ya yi halinsa. Ba asibitinmu aka kai shi ba. Ina bakin aiki ina auna jinin wani aka kira ni.

A maƙabartar Al Quoz aka binne shi. Maigidana ya ce daga inda suka tsaya ana hango rufin sito-siton unguwar.

Ni na kira Baba. Na yi ta kewaye-kewaye, ya katse ni ya ce in faɗi abin da ya sa na kira. Da na faɗa, ya yi salati, sannan ya ce, "Garba ya tafi ke nan." Ranar na fara jin sunan a bakinsa. Bai tambaye ni Tagwaye ba, ni ma ban ɗauko maganar ba. Ya ƙara shekara ɗaya da wani abu a duniya. Waɗanda ke zama da shi sun ce tun daga ranar bai sake yi wa kowa labarin jirgi ba.

Na ɗauka maganar ta ƙare a nan. Bayan kamar shekara biyu Alhassan, wanda ya koma gadi a wani babban kanti, ya kira ni. Ya ce, "Sista, ki zo. Na ga kayan Masta." Masta yake kiran Yaya. Na je na tarar da Tagwaye a wani shagon kayan ƙawa na cikin kantin, a cikin gilashi, an kunna mata fitila. An yi mata fenti kore mai sheƙi. A gabanta an ajiye ɗan kati da ya ce aikin hannu ne na wani tsohon maƙeri a Turai. Na sunkuya na leƙa ɗakin direba. Ɗan mutumin yana nan da shebur ɗinsa, amma an goge hular, an shafe fuskar da hannuwan da fenti ja-ja irin na fatar Bature.

Na nemi manajan. Mutum ne mai ladabi, har ya sa aka kawo mini ruwa. Na ce yayana ne ya ƙera wannan, a Al Quoz, na ga lokacin da ta yi tafiya da idona. Ya ce su a gwanjo suka saya, bisa ƙa'ida, tare da wasu kaya. Ya tambaye ni ko ina da takarda. Na ce ina da shaida, ga shi nan a tsaye da kakin gadi. Ya dubi Alhassan, ya dube ni, ya ce ya yi baƙin cikin rashin da na yi. Na ce to ko katin a gyara, a rubuta sunan mai ita. Ya ce masu saye ba za su gane ba. Kuɗin da ya sa a kanta kuwa ba na irinmu ba ne, ko da ni da maigidana mun haɗa duk abin da muke da shi.

Na sake komawa gurin Alhaji Mamuda, don na ji an ce yana da sanayya da masu kantin. Ya ce in bar mamaci ya huta. A ranar, a ƙofar ofishinsa, yaransa suna loda kwalayen jiragen ƙasa na roba masu batir, za a kai Kano kafin sallah. An ce suna tafiya sosai a kasuwa.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Benayen da suka tsaya a rabi an ƙarasa wasunsu, an fara sababbi, shagunan ƙera siffofi sun sake buɗewa a Al Quoz da sababbin sunaye, kamar ba a taɓa rufe wa kowa ƙofa ba. Jirgin metro da aka buɗe a shekarar da aka rufe shagonsu, shi nake hawa zuwa aiki. Sau ɗaya muka hau tare da Yaya. Ya tafi can gaba inda ya kamata direba ya zauna, ya tarar babu kowa sai gilashi, ya dawo ya ce aikin ya yi kyau amma ba shi da wanda za a gaisar. A gida kuma ina jin ana ta murnar za a yi sabon dogo, ana kawo injiniyoyi daga waje. Na san zai yi murna, don ba shi da ƙyashi. Na kuma san zai tambaya ko akwai wanda ya je ya zauna da sauran tsofaffin 'yan reluwe da ke raye ya ji abin da suka sani kafin su ƙare. Ni ce mai ɗacin rai, ba shi ba. Ni ce nake ganin mun iya sayen abin da wasu suka ƙera, mu cika kwantena da shi, amma idan namu ya zauna ya ƙera sai mu yi masa dariya har ya mutu, sannan mu zo gaisuwa mu ce mutumin kirki ne.

An sha ce mini in yi haƙuri, kuma na yi irin wanda addini ya ce in yi. Ban yi jayayya da ajali ba, kwanansa ne ya ƙare. Amma ajali bai hana kowa hawa mota ya je ofis ya ce na san mutumin nan ba. Wannan ban yafe ba tukuna, kuma ba zan rubuta a jarida cewa na yafe ba.

Me ya rage nasa? Bai bar ɗa ba, bai gina gida ba. Benayen da ya ƙera siffarsu ba su ɗauke da sunansa. Kayan aikinsa sun tafi a gwanjo ɗaya da teburin shagon. Akwai kabari a ƙasar da ba tamu ba, wanda idan aikinmu ya ƙare muka koma gida babu mai zuwa ya tsaya a kansa. Alhassan ma ya ce bana zai koma Kumasi, gwiwoyinsa sun gaji da tsayuwa. Watan jiya na bi ta kantin na tarar da gilashin da wani abu daban a ciki. Yarinyar da ke shagon ta ce an sayar, an fita da ita ƙasar waje, ba a kuma ba su izinin faɗin inda aka kai ta ba.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya haɗa shi da Baba a inda babu rufaffiyar ƙofa. Ku kuma masu karatu, kuna yawo a duniya fiye da ni, kuna shiga gidaje da ofisoshin da ba zan taɓa shiga ba. Idan waninku ya ga ƙaramin kan jirgi na tagulla, kore, mai tukunya a tsakiya da inji gaba da baya, to wanda ya ƙera shi sunansa Garba, ɗan fayaman ne daga Zariya. Ku faɗa wa mai shi, ko bai tambaya ba.